Fuskar Baba a Katin Wani

…kuma ba tsayuwar ce ta dami Noreen ba, ƙafafunta sun saba da layi. Abin da za ta ce ne. Tun daga Toledo take shirya shi, tana faɗa wa sitiyari — Mista Tarpley, ni 'yar Milo Zelenka ce — to sai kuma me? In ya ce wane ne Milo fa? Mutumin ya kusa casa'in. An ce kunne ɗaya ya tafi. An ce a wani taron bara barci ya kwashe shi a kan kujera, alƙalami a hannu, mutane na tsaye suna jira.

Zauren tsofaffin sojoji ne na bayan gari, irin wanda ake haya ranar Asabar. Tebura a jere, katunan 'yan wasan besbol, wasan nan na jifan ƙwallo da bugu da gora, kwance a ƙarƙashin gilashi, kowanne cikin robarsa mai tauri. Warin kofi da ya daɗe a kan wuta. Warin tsohon kwali — wannan ko ido rufe ta san shi, shi ne warin ɗakin baƙinta, ɗakin da rabon da baƙo ya kwana a ciki… tun yaushe ma? Maza ne kusan duka, masu furfura da tumbi da hular ƙungiya, kowa ya sunkuya yana duban kusurwar kati. Ta lanƙwashe? Ta yi laushi? Hoton ya karkata gefe? Kusurwa suke saye, ba mai kallon mutumin da ke ciki.

Nata yana aljihun kwat, hannunta a kai.

Shekarar 1962. Kamfanin cingam ya tura mai hoto sansanin atisaye a Florida, aka jera samari a rana, tsaya nan, ɗaga kai, na gaba. Wani a ofis ya rikita sunaye. Kati ya fito da manyan baƙaƙe: HOLLIS TARPLEY, mai cafewa, wato wanda yake tsugunne a bayan mai gora yana karɓar jifa. Fuskar kuwa ta Milo Zelenka ce, mai jifa, yaro ɗanye, kunnuwa a waje, hula ta yi masa yawa, ya ɗan runtse ido ɗaya saboda rana. Tarpley ya hau babbar gasa ya daɗe a ciki, katunansa da fuskarsa ta gaskiya sun cika kasuwa. Milo ko sau ɗaya bai taka filin ba. Kati ɗaya tak a duniya — shi ma na aro.

Katin kuskure, haka masu tarawa ke kiransa. Suna son sa. Suna dariya in sun nuna wa juna. Wani ya taɓa ce mata, yana miƙo mata shi, wai ba wanda ya san ko wane ne wannan mai kunnuwan. Me za ta ce? Ubana ne, ku ba ni? Ta saya ta wuce.

Layi ya motsa. Mutumin gabanta yana rungume da gora a cikin leda kamar mai goyon jariri.

A wani gareji ta fara ganin katin, ana gwanjon kayan wata tsohuwa da ta rasu, ita kuma fitilar tebur take nema. Akwatin takalmi cike da katuna, an ɗaure da roba. Don me ma ta buɗe? Ba ta damu da besbol ba a lokacin, ta kusa talatin, aurenta da Dennis yana tangal-tangal, Mama ba ta daɗe da rasuwa ba. Tana juya su kawai da yatsa… sai kunnuwan. Ba ta taɓa ganin Baba da gashi ba. Hotunan gidan duk ruwa ya cinye su shekarar da ɗakin ƙasa ya cika. Abin da ta sani bai wuce layi ɗaya ba: ya taɓa yin wasa kafin a haife ta, kafaɗa ta lalace, ya dawo gida ya shiga kamfanin gilashi. Shi ke nan. Kafaɗa.

Ta same shi a kicin yana feren dankali. Ya goge hannu a wando, ya karɓa, ya nisanta shi da ido don bai sa tabarau ba. Ya daɗe. Ko bai daɗe ba? Ita ce dai take ganin ya daɗe. Ya ce hular ma ba tasa ba ce, ya miƙo mata, ya tambaye ta ko za ta tsaya cin abinci.

Iyakar abin da ka ce ke nan, Baba. Hular ma ba taka ba ce.

Ta ɗauka ciwo ne. Wa ba zai ɗauka ba? Mutum ya kai bakin ƙofa, ƙofar ta rufe a kan yatsunsa, hotonsa ma a ba wani — dole ya yi shiru. Sai ta ɗauki fushin da shi bai ɗauka ba. Duk inda ta ji katin yake sai ta je. Dayton, Akron, har Indiana. Ɗaya ya zama biyar, biyar suka zama akwati. Kamar in ta tattara su duka za ta iya… me? Ta goge sunan? Daga nan ta koma kan abokan wasansa, ƙungiyar gaba ɗaya, da waɗanda suka zo bayansu. Ta bi rayuwar kowa. Wanda ya yi shekara goma sha a sama, a babbar gasa, ya gama da gidan sayar da motoci. Wanda ya tafi Japan. Wanda ya yi wasa uku aka dawo da shi, giya ta ƙarasa shi a wani otal. Ta san wanda gwiwa ta kayar, ta san wanda mata ta gudu ta bari. Ta san su fiye da maƙwabtanta. Fiye da Dennis — shi ya faɗi haka, ranar da yake loda kwalayensa a mota, kuma ba da faɗa ya faɗa ba.

Lahadi bayan coci, gidan Baba. Kaza da kabeji, kullum kaza da kabeji. Ta baza katuna a gefen faranti tana karanta masa bayan kowanne, lambobin nan ƙanana, wasa nawa ya ci, nawa aka ci shi. Baba, ka tuna wannan? Wannan ai bai kai ka ba, ko? Dubi shekarun da ya yi. Da ba don kafaɗar nan ba, da kai ne a nan. Da yanzu muna Florida, da gida mai tafkin wanka. Da…

Ci abincinki, zai huce.

Yakan tambaye ta aiki, yaya asibitin haƙoran, ko likitan nan mai faɗa ya yi ritaya. Ko motarta ta daina wannan ƙarar. Ko za ta raka shi tafki ranar Asabar, an ce kifi ya fara cin ƙugiya. Asabar kuwa… Asabar akwai taro a Akron, Baba, wani mutum zai zo da kaya daga Michigan. Wani satin. Ya ce to. Kullum to. Ya saya mata sandar kamun kifi ma, mai jan hannu, tana nan a jingine bayan injin wanki da takardar kantin a rataye.

Bara waccan, farkon sanyi, Baba ya rasu. Maƙwabci ne ya ga jarida ta kwana a bakin ƙofa.

Saura mutum biyu. Yanzu tana hango shi. Ƙaramin tsoho ne ashe, a kati kamar bango yake. Rigar sanyi mai ruwan toka, abin ji a kunne, wata mata a gefensa — jika ce ko ma'aikaciyar taron, oho — tana karɓar tikiti tana tura masa abin da zai sa wa hannu. Yatsunsa. Kowanne ya kama hanyarsa daban, ƙwallo ta karya su ɗaya bayan ɗaya. Shi ne na ƙarshe. Ta bincika, ta bi sunayen duka, kowa ya tafi. Duk duniya mutum ɗaya ya rage da ya taɓa ganin Milo Zelenka yana jifa, ga shi can yana neman murfin alƙalaminsa a ƙarƙashin tebur. Me ya hana ta neme shi tuntuni? Tun Baba na da rai? Ta ji haushinsa ne. Ɓarawon suna… a'a, shi aka ɗora wa fuska, bai roƙa ba. Duk da haka.

Tambaya ɗaya take so. Ya iya? Da gaske ya iya, ko ita ce ta gina shi da kwali?

Mutumin gabanta mai gora ya wuce. Matar ta miƙo hannu, ta karɓi tikiti. Noreen ta zare katin daga robarsa, ta ajiye a gabansa.

Tsohon ya duba, ya yi dariya har da tari.

"Ga ɗan banzan nan kuma. Shekara sittin ina sa hannu a ƙarƙashin kunnuwan nan."

Ta faɗa. Bai ji ba. Ta sunkuya wajen kunnen da ke aiki ta sake faɗa, da ƙarfi, har na bayanta suka yi tsit. Ni 'yar Milo ce.

Ya ajiye alƙalamin. Yana kallon ta, goshi, baki, gefen kai — ta san abin da yake nema, kunnuwan ne, gashi ya rufe su.

"Ke ce jaririyar?" Ya girgiza kai a hankali. "Ashe kin rayu."

Jaririya… wace jaririya? Ta san bakwaini ce ita, an taɓa faɗa mata an sa ta a kwalba, abin dariya ne a gida, Mama takan ce da ƙyar ta cika tafin hannu. Me ya haɗa wannan da shi? Ta yi sauri ta jefa tambayarta kafin matar ta kore ta. Ya iya jifa kuwa, kafin kafaɗar ta lalace?

"Kafaɗa? Wa ya ce miki kafaɗa? Ni nake cafe masa, yarinya. Hannuna ne yake kumbura, ba nasa ba."

Sauran yana zuwa mata a gutsure, rabi a kunne, rabi hayaniyar zaure ta haɗiye. Wani yana sanarwa a lasifika an tsinci makullin mota. Tarpley yana magana yana buga tebur da karkataccen yatsa. Ɗaki ɗaya suke kwana a gidan wata gwauruwa, a ƙaramar gasa. Bazara ta shigo, Milo yana jifa kamar mai aljanu, manya sun aiko an gan shi, kowa ya san mako ɗaya ko biyu za a kira shi sama. Sai waya ta zo tsakar rana, suna cin abinci. Matarsa ta haihu wata biyu kafin lokaci, jaririya na kwalba, uwar kuma zuciyarta ta kusa tsayawa. Koci ya ce je ka, ka yi kwana uku ka dawo. Ba wanda ya kore shi. A ji wannan da kyau, in ji shi, ba wanda ya kore shi. An kira shi a waya, an sake kira. Bai dawo ba.

Da kaka ta ƙare, Tarpley da kansa ya tuƙa mota har gidan. Ya same shi a kicin yana tafasa fida, abu ɗan mitsitsi manne a ƙirjinsa cikin tawul, matar na kwance a ciki ba ta iya hawa matakala. Ya ce masa ƙungiya na jira, a nemi mai reno, a kai wa dangi, kowa haka yake yi. Milo bai ko juyo ba.

"Ce mini ya yi, Holly, ba ta barci sai a nan. Shi ke nan fa. Ba ta barci sai a nan." Tsohon ya shafa haɓa. "Na zage shi ranar. Zagin da ban taɓa yi wa ɗan adam ba. Ya ce in rage murya."

Matar gefe ta taɓa masa gwiwar hannu, layi ya yi tsawo. Ya ɗauki alƙalami, ya ja katin, ya rubuta sunansa can ƙasa, a kan rigar, a hankali, harafi na bin harafi. Ya ce bai taɓa yi masa rubutu a fuska ba, ko sau ɗaya, ta duba duk wanda ta gani. Ya tura mata. Ya ce ta gaishe shi in ta koma Cleveland, ta ce masa Holly na nan bai mutu ba.

Ta ce to.

To… ita ma to. Ba ta gaya masa Baba ya rasu ba.

Yadda ta fito ba ta sani ba. Wani dillali da ya san ta yana kiran sunanta, wai ya samo mata wani mai kusurwa lafiyayya, kamar jiya aka buga — ta ɗaga masa hannu, ko ba ta ɗaga ba. Ƙofa. Iska. Yayyafi ake yi, siriri, rana tsaka amma gari ya yi toka. Motarta na can ƙarshe kusa da kwandon shara. Ta shiga, ta rufe, katin na kan cinyarta tsirara, ba roba, ɗigon ruwa ya faɗa a gefe ɗaya. A da, da ta yi ihu.

Cleveland ya ce. Ba Cleveland ba ne, Toledo ne. Ka ga? Ya rikice. Tsoho ne, yana haɗa labarin wani da na wani, samari nawa suka ratsa ta hannunsa, jarirai nawa… Wataƙila wani mai jifan ne. Wataƙila akwai kafaɗar ma, daga baya, ko tun kafin nan, shi bai sani ba. Mai cafewa ba likita ba ne.

Amma akwatunan gilashi. Shekara talatin yana ɗaga su zuwa kan mota, da wace kafaɗa? Da kuregen nan mai cin tumatirinsa — tana ƙarama, tana zaune a matakalar baya, ya tsinci ɗanyen tuffa a ƙasa, bai ko gyara tsayuwa ba, ya wurga daga bakin kicin har shingen ƙarshe, tuffar ta fashe a jikin katako daidai inda kuregen ya bari. Ƙarar kamar bindiga. Mama ta leƙo ta taga ta ce Milo. Sunansa kawai. Ya sa hannun a aljihu.

Ta gani. Tana wurin. Ta yi tafi ma.

Su biyun suka shirya, ke nan. Ko ba su shirya ba, wata rana yarinya ta tambaya, ya ce kafaɗa, Mama ta ci gaba da wanke-wanke, magana ta zauna. Don kada… don kada ta ɗauka a kanta. Ita kuwa ta je ta tono shi a garejin matacciya, ta kawo har teburinsa. Lahadi bayan Lahadi. Baba dubi abin da ka rasa. Baba dubi wannan, bai kai ka ba. Da ba don kafaɗar nan ba — tana zaune a gabansa, da bakinta, da cokali a hannu. Ashe ita ce kafaɗar, tana cin kazarsa tana karanta masa lambobi.

Ya ji zafi? Ko dariya yake yi a ciki? Wataƙila bai damu ba sam. Wataƙila tun ranar da ya ce wa Holly ya rage murya ya rufe maganar, bai sake waiwaya ba, ita kaɗai ce take makokin abin da mai shi ya binne ya share hannu. Wanne ya fi? A ce ya yi nadama yana kallon ta, ko a ce bai yi ba, kifi kawai yake so su je kamawa, ita ta ƙi? Wa za ta tambaya? Mama babu. Goggo Irene babu. Tsohon can ciki zuwa yamma ya manta ta zo.

Ruwa na gangarowa a gilashin gaba. Ba ta kunna waifa ba. Makulli na hannunta.

Akwai wata rana… bazarar ƙarshe ce, a barandarsa, yana ɓare wake a kwano, ƙafafunsa sun kumbura cikin silifa. Ba abin da ya kawo maganar. Ya ce, Noreen, lokacin da aka haife ki — sai wayarta ta yi ƙara, gwanjon intanet ne zai rufe, wani a Texas yana neman ƙwace mata ɗaya. Ta ɗaga masa yatsa. Minti ɗaya, Baba. Ta shiga ciki inda sabis ya fi ƙarfi. Ta ci gwanjon. Ta fito tana murna, ta ce me kake cewa? Ya ce ba komai, waken bana ne bai yi kyau ba.

Lokacin da aka haife ki — me? An yi ruwa? Kin yi kama da ɗan tsako? Na bar komai? Ban bar komai ba? Jimla ce mai baki biyu, ya buɗe ta ya tsaya riƙe da ƙofar, ita kuma…

Ƙarar hon. Wata babbar mota ta tsaya a bayanta, sigina na ƙyaftawa, mutumin ciki ya ga ta shiga, wurin ajiye motar yake jira. Ya buɗe hannuwa, za ki fita ko kuwa? Ba da faɗa ba. Yana da kwali a kujerar gefe, shi ma sauri yake kada kaya masu kyau su ƙare.

Noreen ta ɗaga masa yatsa ɗaya ta madubi. Minti ɗaya.

Sai ta tsaya tana kallon yatsan.

Siginar na ta ƙyaftawa. Hannun ya yi mata nauyi, ta kasa sauke shi, ta kasa juya makullin.